Dutsen Iyaka na Sha Huɗu

Ranar wata Laraba cikin bazarar 1977 gardin daji ya fita zagayen da yake yi idan ya ga dama, sai ya tarar da rami a wurin da ya saba tarar da dutse. Dutsen iyaka na sha huɗu ne, curin siminti mai lamba a goshi, ɗaya daga cikin waɗanda Turawa suka kafa a 1950 don raba gandun dajin gwamnati da gonakin ƙauyenmu, nan kudu da Malanbil kan hanyar Gene. Ba sace shi aka yi ba. An tumɓuke shi, an ja shi can cikin daji, an sake kafa shi tsaf, har da daddaɓe ƙasar gindinsa.

Lokacin kuwa na juyin juya hali ne, kowa kamarad, kuma taɓa kayan gwamnati ba wasa ba ne. Kafin la'asar jandarmomi sun iso. Mu mutanen ƙauyen nan, Allah ya shirye mu, ba mu taɓa rasa wanda za mu nuna wa yatsa ba muddin akwai Bafillace a kusa. Sawun shanu ya cika wurin, shanun wani Bafillace mai suna Ahijo ne ke bi ta nan kowace safiya zuwa mashaya, shi ke nan magana ta ƙare. Aka tafi da Ahijo Malanbil, aka tsare shanunsa a wani shinge bayan ofishin jandarma, babu inuwa, ruwa sai an tuna. Shef, wato shugaban jandarmomin wurin, ya ce Litinin ta sama motar Kandi za ta wuce da shi gidan kaso.

Ranar Juma'a da hantsi Diza, uwar Ahijo, ta yi sallama a gidan Alasan. Alasan mai bin sawu ne. Idan an kore shanu ko an fasa rumbu shi jandarmomi ke kira, kuma ba a cika jin ya dawo hannu rabbana ba. Maraya ne tun yana shekara shida. Kawunsa Na-Allah, tsohon maharbi, shi ya rene shi, shi ya koya masa karatun ƙasa, shi ya yi masa aure, kuma har lokacin gida ɗaya suke, kwano ɗaya.

Diza ta ƙi tabarmar da aka shimfiɗa mata. "Alasan, ɗana bai san lamba ba, bai san siminti ba," in ji ta. "Bahillace in shina son ciyawar daji shiga shika yi, ba ya tsayawa ɗaukar dutse. Shi kaɗai gare ni. In sunka kai shi Kandi ba ni ƙara ganinai."

Alasan ya dubi kawunsa, wanda ke zaune a zaure yana gyaran takalmi. Tsohon bai ɗago kai ba. Can ya ce, "Tahi ka duba mata."

*

Shanu sun tattake wurin sarai, har Alasan ya ji haushi. Ya sami gurbi biyu inda wani abu mai nauyi ya kankare ƙasa, da rabin kofaton jaki a gefen wata tururuwa, iyakar abin da garken ya bari ke nan. Sawun mutum ko ɗaya babu. Amma da ya durƙusa tsakanin tsohon ramin da sabon wurin sai ya ga wani ɗan huji a fako, siriri mai zurfi, irin wanda ƙarfe ke bari. Ya yi gaba taki ashirin da shida, ga wani. Ya ƙara ashirin da shida, ga wani. Huji goma, a miƙe, babu wanda ya fi wani tazara. Wanda ya yi aikin nan awo ya yi, ba ja kawai ba.

Sai da ya miƙe a gindin dutsen ya waiwaya, sannan ya gane wurin. Filin da aka fitar daga gandu bai taka kara ya karya ba, amma a cikinsa akwai tsamiya guda, da bakin wata rijiya da ta cike, da tudun wasu ɗakuna da suka rushe. Tungar Issufu ce, kufan mahaifinsa. Shekara ɗaya bayan kafa duwatsun aka zo aka ce tungar ta faɗa cikin dajin gwamnati, su tashi. Issufu ya ce rijiyar da ya haƙa da hannunsa ba zai bar ta ba. Aka tafi da shi, bayan wata huɗu aka dawo da shi yana tarin jini, bai yi sati uku ba ya cika. Sabuwa, uwar Alasan, ta bi shi kafin shekara ta zagayo. Tun daga nan Alasan bai sake taka wurin ba, ko sawu ya biyo ta nan kewayewa yake yi.

Wanda ya fara zargi shi ne Rabi'u, manomin albasa mai gona daf da iyakar, mutumin da kowace shekara kunyarsa ke ƙara matsawa kamu ɗaya cikin ta maƙwabci. Ya same shi yana ɗinke buhuna.

"Ni?" in ji Rabi'u, ya yi dariya. "Hwako na wurin ga, ko ƙaya ba ta son shi, balle albasa. Jakina kuma ya yi wata guda Garu wurin surukina, tahi ka tambaya. Amma tunda tambaya muka yi, Alasan, kuhwan wa anka hitar daga daji? Na ubana ko na ubanka?"

Jakin yana Garu, Alasan ya bincika. Maganar Rabi'u kuwa ta riga shi isa Malanbil. Shef ya karɓe shi a tsaye.

"Kamarad Alasan, huji goma ba shaida ba ne. An ce ma kai ne mai riba a wannan aiki. Ka kawo mini mutum, ko ka kawo mini takarda. In ba haka ba Bafillacen zai tafi ranar Litinin, wataƙila kuma ba shi kaɗai ba."

*

Alasan ya yi tunanin cewa mai awo yana da lissafin da yake bi, kuma lissafin yana rubuce a wani wuri. Sai ya koma bin sawun takarda, aikin da bai taɓa yi ba.

A ofishin gardin daji babu komai sai wata taswira a bango, wadda layin iyakarta ya kai kaurin yatsa. Gardin ya ce takardun awo suna Kandi. Alasan ya hau motar albasa ya tafi Kandi. A can wani akawu ya bar shi a benci tun safe har azahar, sannan ya buɗe masa wani ɗaki a baya. Rufin ya yi yoyo shekaru, gara ta gama da abin da ruwa ya rage. Kana ɗaga kundi sai ya zube a hannunka kamar dusa. Akawun ya ce watakila akwai kwafi a Paraku, ko a Kwatano, a rubuto wasiƙa. Alasan ya fito ya zauna a bakin baranda, ranar Laraba ce, saura kwana biyar.

Wani tsoho mai sharar ofishin, wanda ya ji duk abin da aka yi, ya jingine tsintsiyarsa. Ya ce masa Baturen awon ba shi ke rubutu ba, yana da mataimaki, Malam Audi, shi ke riƙe da ƙaramin littafi a daji. Audi ya rasu, amma matarsa Barakatu tana Gene, kuma an ce ko tsinken mijinta ba ta yar ba.

Barakatu tsohuwa ce ƙarama mai kaifin baki. Sai da ta tambayi sunan ubansa da na kakansa kafin ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafan suna naɗe cikin zane da busasshen ganyen taba, babu wanda gara ta taɓa. Alasan bai yi boko ba, amma zama da jandarmomi ya koya masa lamba. Suka buɗe har shafin da ke da 13 da 14, ga 40 a tsakaninsu, an kewaye ta da jan alƙalami.

"Sarƙa arba'in," in ji Barakatu. "Ni nika yi musu tuwo cikin daji wata ukku, na san aikin ga hiye da wasu masu wando. Sarƙa guda metir ashirin ta. Mutum biyu ka jan ta. Na gaba shina da ƙusa goma, duk inda sarƙa taƙ ƙare ya kahwa guda. Na baya shina tsince su. In sunka cika goma hannunai, ya maida ma na gaba, ya jehwa tsakuwa guda aljihu. Tsakuwa huɗu, sarƙa arba'in ke nan."

"In ya manta bai jehwa ba hwa, Inna?"

"Sai a wuce da sarƙa goma ba a sani ba. Abin da yac ci ma Malam rai ke nan. Da sunka gama zagaye daji lissahi bai haɗu ba, yac ce a sake awon sha huɗu. Bature shina gaugawar tahiya hutu, yas sa hannu yaw wuce. Malam har ya mutu shina kallon shahin ga."

Sarƙa goma, huji goma. Wato ba ɓata iyaka aka yi ba, mayar da ita aka yi inda takarda ta ce.

"Wa ar riƙe da sarƙa ta baya, Inna?"

"Suna ya ɓace mini. Wani dogo na, maharbi, daga wajenku. Ba shi da yawan magana."

Ta ce littafin ba ya kwana a wani gida, in ana son sa a Malanbil sai dai a tafi da ita.

*

Da ya dawo ya ji cewa shanun Ahijo uku sun mutu a shinge. Ya shiga gida, ya wuce turken jaki, sai ƙafarsa ta tsaya da kanta. A ƙirjin jakin kawunsa akwai saɓa doguwa da ta fara ɓawo, irin wadda igiya ke yi idan an ja kaya a ƙasa, ba irin ta ɗauka a baya ba. Ya tuna wanda ya taɓa gaya masa, yana yaro, cewa ɓarawon da ya san aikinsa ba ya share sawu, yana barin garke ya share masa.

Suka zauna cin tuwo. Alasan ya ba da labarin Kandi, da na Barakatu, da na tsakuwa, a hankali, yana barin fili bayan kowace magana ko tsohon zai shiga. Na-Allah ya ce Allah ya jiƙan Malam Audi, ya tura masa tsokar kifin da ke gabansa kamar yadda ya saba, ya tashi ya yi alwala. Alasan ya bi shi da kallo. A ransa yana cewa dogayen maharba suna da yawa, jakuna ma kan ji ciwo, kuma ya san ƙarya yake yi wa kansa.

Kwana biyu ya ba shi ko zai faɗa da bakinsa. Tsohon bai faɗa ba.

*

Ranar Lahadi da safe aka taru a gindin dutse na sha uku. Shef ya zo da Ahijo da ankwa a hannu, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Diza na tsaye nesa kaɗan. Ga Rabi'u, ga Barakatu da littafinta a ƙirji, ga gardin daji da wata tsohuwar sarƙar awo da ƙusoshi da ya zaƙulo daga cikin tarkacen ofis. Alasan ya ce a zo da dattawan gari su shaida, saboda haka Na-Allah ma yana nan, dogare da sanda. Sauran mu kuwa ba wanda ya gayyace mu, amma mun zo.

Shef ya karanta shafin da ƙarfi, ya ce a auna. Gardi ya kama gaba, Alasan ya kama baya. Mu da muka zo gani babu wanda ya yi mana bayanin yadda ake ƙirga, muna dai biye muna kallo. Ƙusa goma suka cika, Alasan ya miƙa wa gardi, ya sunkuya ya ɗauki tsakuwa ya jefa aljihu. Aka ci gaba. Goma ta biyu, ya sake yin haka. Rana ta fara zafi, mutane sun fara hira.

A goma ta uku Alasan ya miƙa ƙusoshin, bai sunkuya ba. Ya ce wa gardi, "Mu tahi." Daga baya ya gaya mini cewa a wannan takin roƙon Allah yake yi kada kowa ya yi magana, ko da hakan na nufin shi za a ɗaure.

"Tsakuwa!"

Muryar ta fito da ƙarfin da ba mu san tsohon yana da shi ba. Na-Allah ya yar da sanda, ya yi taki biyu gaba. "Tsakuwa, ɗan nan! Ba ka sa tsakuwa ba!"

Barakatu ta ƙura masa ido, ta ce a hankali, "Shi na."

Alasan bai waiwaya ba. Ya sunkuya ya ɗauki tsakuwar, aka ƙarasa awon. Sarƙa ta arba'in ta ƙare daidai gindin dutsen, a sabon wurinsa, ko tafin hannu bai ragu ba. Tsamiya da rijiya suna waje.

Na-Allah ya zauna a ƙasa. Ba wanda ya tambaye shi, shi ya fara.

"Azumi na, rana ta yi tsaka, kaina shina juyawa. Nan wajen na manta. Da marece ina tuɓe riga na lissahwa tahiyar cikin kaina, nis san mun wuce. Nic ce gobe in hwaɗi. Gobe Bature ya tashi da hushi, ya mari wani, nic ce jibi. Da anka zaka tada Issuhu ina tsaye, na san takarda tana goyon bayanai, na san magana guda ta isa. Na ji tsoro a ce ni na ɓata aikin gwamnati. Mijin ƙanwata, Alasan. Ina kallo anka ɗaure shi."

Ya share fuska da hannun riga. "Bana likita yac ce mini abin da ke cikina ba ya jin magani. Nic ce ba ni tahiya in iske Sabuwa da dutsen ga inda nib bar shi. Na yi igiya tsawon sarƙa, na auna ni ɗaya, na bari shanu su rufe sawu. Wallahi ban yi tunanin mai shanun ba."

Ahijo ne ya yi magana, kuma bai ɗaga murya ba. "Baba, kullum da sahe ina gaishe ka bakin hanya. Kwana goma sha ɗaya ina ciki. Ka ji an kama ni?"

"Na ji."

"To?"

"Nic ce gobe," in ji tsohon, sai kuka ya ƙwace masa.

Na ga maza suna kuka a wurin mutuwa, amma ban taɓa jin abin da ya karya mini zuciya kamar wannan ba, kuma ban san wa nake tausayi a cikinsu ba.

*

Shef ya kwance ankwar Ahijo da kansa. Diza ta kama hannun ɗanta suka juya, ba ta yi wa kowa godiya ba, kuma babu wanda ya ga laifinta. Sannan Shef ya ce zai aika da lambar shafin sama, amma kafin amsa ta zo doka ta san dutse ne a tsohon raminsa, can za a mayar da shi yau. Amsar har yanzu ba ta zo ba. Wanda ya taɓa dutsen kuma, ko da gaskiyarsa, sai ya bi motar Litinin.

Motar jandarma tana can bakin titi, tafiyar ta fi ƙarfin tsohon. Wani jandarma ya kama shi a hammata zai ja, Alasan ya ce ya sake shi. Ya ari keken Rabi'u, ya ɗora kawunsa a baya, ya hau. Muna tsaye muna kallonsu suna tafiya a hankali ta gefen gonaki.

Abin da ya faru a hanya daga bakin Alasan na ji. Ya ce tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan. Sun yi nisa, sannan ya ji goshin tsohon a bayansa.

"Alasan, duk abin da niy yi maka, ba don in biya ba na. Da hwarko don haka na. Daga baya ɗana kaz zama." Ya sake cewa, "Ka yahe mini?"

Alasan ya ce mini ya buɗe baki zai amsa. Yana son mutumin nan fiye da kowa a duniya, kuma a lokacin fuskar ubansa yake gani, ranar da aka dawo da shi a kan jaki. Eh ta ƙi fita, a'a ta ƙi fita. Hawaye ya hana shi ganin hanya sosai.

"Riƙe ni da kyau, Kawu," ya ce. "Akwai yashi gaba."

Ya yi niyyar zuwa Kandi bayan sati biyu, in zuciyarsa ta kwanta, ya ba kawun nasa amsa. Ranar da ya isa da ƙunshin busasshen kifi da goro, mai gadin ƙofa ya duba wani littafi, ya ce an binne tsohon shekaranjiya.